Yadda Za Ka Kalli Babban Wasan Sakos Ba Ka Dawo Gida Kana Cizon Yatsa Ba

Duk lokacin da hutun makaranta ya ƙarato, tambaya ɗaya ce take yawan zuwa daga masu karatu a nan Abuja: an ga tallar wani babban wasan sakos, wato wasan tsalle-tsalle, lilo da dabo da Turawa suke kira circus, ko wanda aka ce zai zo gari, ko wanda za a tarar a Dubai, Riyad ko Landan idan an yi tafiya, shin ya cancanci kuɗinsa? Wasu kuma sun riga sun je, ƙorafi suke kawowa. Wani ya ce bai ga dabba ko ɗaya ba. Wata ta ce abin da ta gani a bidiyon talla ko rabinsa ba a yi ba. Wani kuma ya biya kuɗin kujerar manya, ya ƙare yana kallon ƙeyar na gabansa. Idan ka bi ƙorafin nan ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar yawancinsa tun ranar sayen tikiti aka ƙulla shi, ba a daren wasan ba. Ga matakan da za ka bi, a jere.

1. Fara sanin wane irin wasa ne

Sakos na yanzu ba shi ne wanda muka taso muna gani a talabijin ba, mai zaki yana tsallake zoben wuta da giwa a kan kujera. Kamfanin Cirque du Soleil, wanda aka kafa a Kebek ta ƙasar Kanada a 1984, ya yi sunansa ne da wasan mutane zalla: tsalle-tsalle, lilon sama, tafiya kan waya, kiɗa, haske da sutura. Kamfanin Ringling na Amurka, wanda aka san shi da giwaye, ya sallame su a 2016, ya rufe a 2017, da ya dawo a 2023 kuma babu dabba ko ɗaya a cikinsa. A Ingila doka ta hana amfani da namun daji a sakos mai yawo tun Janairun 2020. Saboda haka wanda ya tafi da ɗokin ganin irin abin da gardawa suke yi da kura da biri a kasuwannin ƙauye, ya tafi wurin da ba a yi.

Abu na biyu, waɗannan wasanni ba fim ba ne. Akan ce akwai labari, amma labarin siriri ne, wani lokaci ma waƙoƙin da yaren da aka ƙirƙira ake rera su, ba mai jin ma'anarsu. Kada ka ɓata rabin lokacinka kana neman gane wane ne jarumi.

Gargaɗi: bidiyon talla na minti ɗaya an tsinto shi ne daga wasan kusan awa biyu, an ɗauka da kyamarori da yawa daga kusa, an zaɓi daƙiƙun da suka fi ɗaga hankali. Nemi bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka da wayoyinsu daga kujerunsu. Shi ne ya fi kusa da abin da idonka zai gani.

2. Tantance wanda ya kawo wasan

Kalmar "Cirque", wato sakos da Faransanci, ba mallakin kowa ba ce, kamfanoni da yawa suna saka ta a sunansu, wasu nagari, wasu kuma hawan ƙawara ne a kan sunan da wani ya gina. Karanta sunan kamfanin da kyau, sannan ka shiga shafinsa na intanet, ba na mai tallar ba, ka duba jadawalin garuruwan da zai ziyarta. Manyan kamfanoni suna fitar da wannan jadawali watanni kafin lokaci. Idan babu Abuja a ciki, to ko dai ba su ne za su zo ba, ko dai babu mai zuwa.

Ka kuma yi wannan lissafin na hankali. Babban tantin Cirque du Soleil yana ɗaukar mutum wajen 2,500, kayansa gomman tireloli ne, kafa shi kawai yana cin kusan mako guda, shi ya sa suke zama makonni a gari ɗaya. Idan aka ce maka wasa irin wannan zai zo dare ɗaya tak a zauren otal, abin da zai zo ƙaramar tawaga ce, ƙila mutum goma sha, da kayan da za su shiga jirgin fasinja. Wannan ba aibi ba ne. Ƙaramar tawaga tana iya ƙayatarwa ƙwarai, kuma ƙasashen Afirka irin su Habasha da Gini suna da gwanayen tsalle-tsalle da duniya ta san da zamansu. Aibin shi ne a sayar maka da ita a farashin babbar.

Kira lambar da ke jikin tallar ka yi tambaya kai tsaye: 'yan wasa nawa ne, daga ina suke, sun iso ƙasar ko ana jiransu, minti nawa wasan zai ɗauka ban da mawaƙa da masu barkwancin da za su buɗe fili. Wanda yake da gaskiya zai amsa ba inda-inda. Wanda ya ce maka "Alhaji, kai dai ka zo ka sha kallo," bai ba ka amsa ba.

3. Dubi wurin da za a yi wasan

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne muhimmanci a Abuja.

Abubuwan da suke sa ɗan kallo ya riƙe numfashi a sakos, yawancinsu a sama ake yin su. Lilon sama, hawa ƙyalle, tafiya kan waya, duk suna buƙatar rufi mai tsawo da ƙarafan da aka tabbatar za su ɗauki nauyin mutum yana shillo da ƙarfi. Yawancin zaurukanmu an gina su ne don taron ƙara wa juna sani, ƙaddamar da littafi da walimar biki. Rufinsu gajere ne, silin ne na ado da fitilu masu walƙiya, babu inda za a ɗaura igiya. Ɗan wasan da ya san darajar ransa ba zai rataya a jikin irin wannan ba. Sai a cire wasannin sama gaba ɗaya, a bar na ƙasa: alkafura, cafe ƙwallaye, lanƙwasa jiki, dabo. Kai kuma da lilo aka yi maka talla.

Ƙasan zauren ma abin dubawa ne. A tantin sakos na gaskiya kujeru hawa-hawa suke, kewaye da dandamali, na baya yana hango kan na gaba. A zauren taro ƙasa shimfiɗe take. Ga teburan manyan baƙi a gaba, ga masu hidima suna kai-kawo da faranti, ga masu ɗaga waya. Yaro ɗan shekara 6 a layi na ashirin babu abin da zai gani sai dai allon majigi, idan ma an saka. Tambayi mai shirya wasan ko kujerun hawa-hawa ne, da tsawon dandamalin daga ƙasa. Idan filin wasanni na rufe ne, kamar waɗanda ke cikin harabar filin wasa na Moshood Abiola, matsalar gani ta ragu, sai dai nisa ya ƙaru.

Su ma manyan kamfanonin suna da zubi biyu. Akwai na tanti, akwai wanda aka sake tsarawa don manyan filayen wasanni na rufe, yadda za a kafa a kwashe cikin 'yan kwanaki. Wasan Cirque du Soleil mai suna Saltimbanco da ya je Afirka ta Kudu a 2011 zubin fili ne. Suna ɗaya, amma a fili kana iya zama nesa ƙwarai, 'yan wasan su zame maka 'yan mitsi-mitsi. Akwai kuma na uku, wasan da ba ya yawo, wanda aka gina wa gida na kansa, kamar La Perle a Dubai da aka buɗe a 2017, mai tafki a tsakiyar dandamali, ko "O" a Las Begas tun 1998. Abin da ake yi a waɗannan ba zai taɓa yiwuwa a wasa mai yawo ba, don haka kada ka auna ɗaya da ɗaya.

Gargaɗi: idan a waje ne ko a tanti, dubi watan da za a yi wasan. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwan Abuja da iskarsa ba sa shawara da kowa. Tambayi abin da za a yi idan hadari ya taso, da ko akwai janareta na biyu.

4. Zaɓi kujera da taswira a gabanka

Kada ka sayi tikiti da suna kawai. "Na manya", "na alfarma", "na zinare", duk sunaye ne. Nemi taswirar kujeru ka ga inda za ka zauna.

A tanti, layin farko ba shi ne mafi kyau ba, duk da shi ne mafi tsada. Za ka ga zufa a goshin ɗan wasa, amma idan aka koma sama sai wuyanka ya ƙage, kuma daga nan ne masu barkwanci suke jawo mutum su hau da shi dandamali. Dattijon da ba ya son a cire masa hula a gaban jama'a ya ja baya. Wurin da ya fi shi ne tsakiya, fuskantar dandamali, ɗan sama kaɗan, inda ido zai ɗauki sama da ƙasa lokaci guda. Kujerun gefe sun fi araha domin an tsara wasan ne yana kallon gaba, na gefe sau da yawa bayan 'yan wasa yake gani. Babban tanti kuma yana tsaye ne a kan dogayen ginshiƙan ƙarfe huɗu, akwai kujerun da ginshiƙi yake tare musu wani ɓangare. Kamfanoni na gari suna rubuta hakan a jikin kujerar kafin ka biya, da ƙananan haruffa. Karanta. Haka abin yake a Royal Albert Hall na Landan, inda Cirque du Soleil ya saba yin wasa a farkon shekara tun 1996: zauren zagayayye ne mai hawa da yawa, kujerun can sama suna da araha, amma daga can tsakar kan mutane kake kallo.

Idan kuɗin ba zai kai kowa ya samu kujera mai kyau ba, gara mutum uku su zauna inda za su gani da a kwashi mutum bakwai a jibge su bayan ginshiƙi.

5. Yi lissafin kuɗin gaba ɗaya

Kuɗin tikiti somin taɓi ne. Ɗauki takarda ka rubuta: tikiti sau yawan mutane, kuɗin hidimar da shafin sayarwa yake ƙarawa a matakin ƙarshe, harajin kaya na VAT idan ba a haɗa ba, wanda a Najeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari, mai ko kuɗin mota zuwa da dawowa, fakin, sannan abin da yara za su gani su ce sai an saya. A cikin irin waɗannan wurare gugguru da lemo da ruwa suna ninka farashin waje, kuma galibi ba a barin a shiga da abinci. A ci a ƙoshi daga gida.

Misali kawai: idan tikiti naira 25,000 ne kuma ku shida ne, ka kai 150,000 tun ba ka tayar da mota ba. Yanzu tambayi kanka, don wasan awa biyu da aka bayyana a mataki na ɗaya, ba wanda kake rayawa a ranka ba, za ka iya biyan wannan ba ka ji zafi ba? Yawan kuɗin da mutum ya kashe shi ne yake kumbura tsammaninsa. Wanda ya taɓa kuɗin makarantar yara don ya je, ko 'yan wasan sun tashi sama da fukafukai sai ya ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ga masu tafiya waje, wasannin tsakiyar mako sukan fi na ƙarshen mako sauƙi. Yara kan samu ragi a wasu wuraren, wasu kuma suna da ƙa'idar shekaru, ba sa barin ƙananan yara ƙwarai su shiga.

6. Sayen tikitin

Saya daga shafin kamfanin, ko na gidan da za a yi wasan, ko wakilin da su da kansu suka ambata. Akwai shafukan 'yan sari da suke fitowa a saman sakamakon bincike, suna kama da na ainihi, amma farashinsu ya ninka, wani lokaci kuma a ƙi karɓar tikitinsu a ƙofa. A nan gida, kada ka tura kuɗi zuwa asusun wani mutum da ka samu a WhatsApp ko Instagram. Asusun ya zama da sunan kamfani, ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton tallar yadda take a ranar da ka biya, da duk abin da aka yi alkawari a cikinta. Za ka ga amfanin wannan a mataki na ƙarshe.

Gargaɗi ga matafiya: kada ka sayi tikiti kafin biza ta fito. Yawancin tikitin nan ba a mayar da kuɗinsu, rashin samun biza kuma ba hujja ba ce a wurinsu. Ka kuma tambayi bankinka iyakar abin da katinka na naira zai iya biya a waje kafin ka zaɓi kujera, domin shafin yana riƙe maka ita na 'yan mintuna ne kawai.

Karanta sharuɗɗa. Kusan kowane tikiti yana ɗauke da cewa tsarin wasa na iya canzawa. Gaskiya ne kuma. Waɗannan mutane suna wasa kusan kullum, wasu ranakun sau biyu, suna jin rauni, ana ba su hutu. Wasan da ya fi burge ka a talla yana iya zama shi ne ba za a yi a darenka ba, kuma ba za a rage maka ko kwabo ba.

7. Shirya iyali tun a gida

Faɗa wa yara gaskiyar abin da za su gani. Ba abin da ya kai zama kusa da yaron da ke jan hannun rigar mahaifinsa kowane minti biyar yana cewa, "Abba, yaushe zakin zai fito?" alhali a dandamali wata baiwar Allah tana tsaye da hannu ɗaya a kan sanda. Nuna musu gajeren bidiyo, ka ce mutane ne masu tsalle da lilo, babu dabbobi, za a kashe fitilu, za a yi ƙara.

Maganar sutura kuma a yi ta a fili tsakanin maigida da uwargida. 'Yan wasan, maza da mata, matsattsun kaya suke sawa domin yalwataccen tufafi yana iya sarƙewa a igiya. Akwai kuma wasannin da namiji da mace suke riƙe juna. A wurare da yawa ana sayar da giya a harabar. Wanda ya san ransa ba zai natsu da wannan ba, ko zai je da surukai, ya duba hotunan wasan tukuna ya yanke shawara. Ya fi a tashi ana tsakiyar wasa rai a ɓace.

Gargaɗi: ana amfani da fitilu masu ƙyaftawa da sauri da hayaƙin dandamali. Mai farfaɗiya ko ciwon asma ya yi tambaya kafin ya je. Jariri kuma a bar shi a gida.

8. Ranar wasa

A ƙasashen waje lokacin da aka rubuta shi ne lokacin, wanda ya makara kuma sai ya jira a ƙofa har a samu sarari tsakanin wasa da wasa. Je da wuri, da kamar minti 45. A Abuja kuwa ka shirya wa akasin haka, ƙila a ja lokaci ana jiran babban baƙo. Duk da haka, idan kujerun ba su da lamba, wanda ya riga zuwa shi ne da wuri mai kyau.

Lissafa salla. Wasan ƙarfe 7 na yamma yana cin karo da magariba a yawancin watanni, don haka nemi inda za ka yi ta a kusa kafin ka shiga. Hutun tsakiya bai fi minti 20 zuwa 25 ba, layin banɗaki kaɗai zai cinye shi. Mai zuwa daga Kubwa, Lugbe ko Mararaba ya tuna da cunkoson yamma, ya kuma tanadi motar dawowa tun kafin ya fito. Tsayawa bakin titi da yara ƙarfe 11 na dare ana tsayar da motar da ba a sani ba, kowa ya san haɗarinsa a garin nan.

9. Yadda ake kallon

Ajiye wayar. Hasken filasha yana iya ɗauke idon wanda ke sama, shi ya sa ake hana shi, bidiyon da za ka ɗauka daga nesa kuma ba kallonsa za ka yi ba.

Wani abin da yake rage armashi shi ne idonmu ya saba da fina-finan da kwamfuta take sa mutum ya tsallake bene goma. Sai alkafura uku a iska ta zama kamar ba komai. Maganinsa shi ne ka zaɓi mutum ɗaya ka bi shi da ido. Dubi mai tsayuwa da hannu a kan sanda, yadda yatsunta suke gyara riƙo kaɗan-kaɗan, yadda damtsenta yake rawa kafin ta saki ɗaya hannun. Dubi wanda yake cafe ɗan'uwansa a lilo, yadda yake shafa farin gari a tafinsa, ya ƙirga shillon, ya yi wata gajeriyar tsawa kafin ɗayan ya saki. Idan wani ya kuskure ya faɗa raga ya sake hawa, wannan ba gazawar wasan ba ce, shi ne shaidar cewa abin da kake gani da gaske ake yinsa.

Masu barkwanci kuma, waɗanda mutane da yawa suke ƙorafin sun cinye lokaci, aiki suke yi: suna riƙe hankalinka ne yayin da ma'aikata suke kwance raga da ɗaura wasu ƙarafa a cikin duhu. Ko barkwancin bai yi maka ba, 'yan mintuna ne.

10. Idan abin da aka yi alkawari bai samu ba

Rarrabe abu biyu. "Bai burge ni ba" ba hujjar karɓar kuɗi ba ce. Amma idan an soke wasan, ko an ɗage shi zuwa ranar da ba za ka iya ba, ko an sayar maka da kujerar da babu ita, ko aka kawo wata tawaga daban da wadda aka yi talla, kana da haƙƙi.

Idan matsalar kujera ce, yi magana da ma'aikatan zauren kafin a fara ko a lokacin hutu. Sau da yawa idan akwai gurbi sukan canza wa mutum. Bayan wasa, rubuta wa mai shiryawa ta imel, a taƙaice, ba zagi, ka haɗa rasit, hoton tikiti da hoton tallar da ka adana, ka faɗi abin da kake nema da ranar da kake jiran amsa. Idan da kati ka biya kuma wasan bai gudana ba, kai maganar bankinka da wuri, domin neman mayar da kuɗi yana da wa'adi. Idan a Najeriya ne kuma mai shiryawa ya yi kunnen uwar shegu, kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa kuma hedikwatarta tana nan Abuja. Tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, kuma idan kun haɗu ku da yawa da abin ya shafa, kowa da rasit ɗinsa, maganar ta fi saurin motsawa.